Sa'a Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Wasiƙa ta tara ta iso da hantsi,
ina tasha, ina ƙirga wa wata tsohuwa canji.
Waya ta motsa a aljihu, ban duba ba.
Na san lafazinta
yadda mai ciwon haƙori ya san ruwan randa:
“Muna baƙin cikin sanar da kai…”
Su ne ma ke baƙin ciki, wai.
To ni me zan kira nawa?

Sa'a dubu da ɗari biyar suke nema.
Nawa ɗari biyu ne da sha ɗaya,
kowace na rubuta da hannuna a littafi mai baƙin bango,
kowace Baba ya saya:
na farko da bijimai biyu,
na tsakiya da gonarmu ta Mashi,
na ƙarshe da filin da ya ce nan za a gina mini ɗaki.
Ba a ba ka jirgi sai ka tara sa'o'i,
ba ka tara sa'o'i sai an ba ka jirgi.
Wanda ya ƙulla wannan igiya
ya ɓoye bakinta.

Yanzu motar Kawu Sada nake ja,
Katsina zuwa Daura, sawu uku in kasuwa ta yi kyau.
'Yan kamasho na kira na Kyaftin.
Da farko abin na suka kamar ƙaya a tafin ƙafa,
yanzu ina amsawa.
Kullum da asuba sai na zagaye ta sau ɗaya:
taya, mai, ruwa, birki, fitila,
ina taɓa kowanne da yatsa, ina faɗin sunansa.
Ɗanliti mai faci ya ce,
“Mannir, mi kake karanto ma wannan akwala?”
Ban gaya masa ba
hannu ne nake hana wa mantuwa.

Idan muka zo daidai shingen filin jirgi
ƙafata kan saki totur da kanta.
Akwai wata leda da ta maƙale a waya,
ita ke gaya mini inda iska ta fito.
Yau daga gabas take, a hankali, babu gardama.
Irin ranar da na fara tashi ni kaɗai a Zariya,
kujerar malam wayam,
ƙasa ta ja da baya kamar an naɗe tabarma,
na ji muryata tana rawa a kunnena
ina shaida wa hasumiya sunana.

“Direba, lafiya?” in ji na baya.
Lafiya lau, Alhaji. Rami ne.

Wata mai zuwa takardar likita za ta mutu,
sai an sake biya, a sake auna ido da zuciya,
a tabbatar ƙalau nake
don aikin da ba ni da shi.
Zan biya. Na fara tarawa a gwangwanin madara.

Inna ba ta tambaya kuma.
Sai dai duk Juma'a takan ciro farar rigar nan,
ta goge, ta gyara mata kafaɗu,
ta mayar cikin akwati.
Baba kuwa, in jirgin Abuja ya ratsa saman gida,
yakan dakata da alwala, buta a hannu,
har ƙarar ta ɓace.
Bai taɓa ambaton gonar ba.
Da ma ya ambata.

A Shargalle na tsaya shan ruwa, na buɗe wasiƙar.
Yadda na zata, har da waƙafi.
Na ajiye ta inda 'yan'uwanta takwas suke.
Wani kamfani a Legas ya buɗe ƙofa jiya,
da dare zan cike ta goma.

Mutum shida na jira na a mota,
da buhun gero, da akuya a but.
Su ma amana ce.
Na duba madubi, na duba hanya,
na ce bismillah,
kamar yadda nake faɗa a bakin titin tashi.